Ɗauri Uku a Kan Kilishi

Almustafa ɗan Maraɗi ya haura shekara ashirin yana sayar da kilishi a unguwar Gubaira ta birnin Riyad, a wani shago mai faɗin tabarma biyu, tsakanin mai walda da mai gyaran firji. Shagon da sunan kafilinsa yake, wato Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar, kamar duk abin da ya mallaka a Riyad in ban da ciwon baya. Ledar da yake zuba kilishin tana da ja da kore da rawaya, da hoton wani bijimi mai kallon mutane kamar sun ci masa amana, da lambobin waya uku, biyu sun daɗe da mutuwa.

'Yarsa Nazira a Riyad aka haife ta. Larabcinta ya fi Hausarta, shirunta kuma ya fi duka biyun. Tun da uwarta Zouera ta rasu tana yarinya, maganarta da ubanta ba ta wuce gaisuwa da "abinci na kicin". Ta karanci zanen tambari da kwalliyar kayan sayarwa, ta gama, ta zauna. Ita kuwa Bilƙisu, ƙanwar marigayiyar, kullum sai ta kira daga Maraɗi tana cewa a turo mata yarinyar, zaman me take yi da tsoho a ɗaki biyu. Nazira ba ta ce a'a ba. Almustafa ya san idan ta tafi, ba ta da abin da zai dawo da ita, shi kuma ba shi da kowa a garin sai bijimin leda.

Shi ya sa ranar da ta ɗauki ledar daga kan tebur ta juya ta gaba da baya, ya ajiye kofin shayinsa.

"Baba, wannan ba tambari ba ne. Kasuwa ce."

"Kasuwa nake yi ai."

Ta jawo kujera. Ta buɗe wayarta ta fara nuna masa aikin mutanen Japan: kwalin shayi fari fat da ɗigon ja guda a gefe, buhun shinkafa da zane ɗaya tak na buroshi, alewa a naɗe cikin takarda mai kauri an ɗaure da zare. Ta ce su ba sa cika wa ido kaya. Abu ɗaya suke faɗa, su bar sauran wurin fayau, domin wurin da babu komai shi ma yana magana. Almustafa ya yi tunanin cewa gidansa ya shekara goma a wannan tsari ba tare da taimakon Japan ba, amma bai faɗa ba. Bai taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka ba. Da ta ce jaki za ta zana, da ya ce a zana.

Ta fara binsa shago. Tana auna kilishin, tana taɓa takardu a maɗaba'a, tana faɗa da mai bugawa da Larabcin da ya sa mutumin ya gyara zama. Da Bilƙisu ta kira, sai ya ji Nazira tana cewa, "Inna, sai na gama wani aiki tukuna."

Ran nan da hantsi ta ajiye masa samfurin a kan kantar shagon. Ta nannaɗe kilishin ya yi tsawo, ta lulluɓe shi da farar takarda mai laushi kamar yadi, ta tattare bakin sama da na ƙasa. Ta ɗaure da farin zare: ɗaya a kai, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙafa. A can gefe ɗan hatimi ja, ƙarami kamar tabon jini.

Almustafa ya dafa bakin kantar.

"Ƙawayena duk sun ce ya yi," in ji ta. "Na sa a shafina, kowa yabo yake."

Ƙawayenta 'yan mata ne irinta. Babu wadda ta taɓa bin gawa maƙabarta a cikinsu, babu wadda ta taɓa shiga ɗakin wanka na masallaci. Sun ga tsabta da natsuwa, kuma ba su yi ƙarya ba.

"Baba? Bai yi ba?"

Ya dubi fuskarta. Rabon da ya ga hasken nan tun tana firamare.

"Ya yi kyau," ya ce.

Aka buga, aka naɗe, aka jera su a kanta sahu-sahu. Ya gaya wa kansa wataƙila idonsa ne kawai. Mutum yakan iya gaya wa kansa abubuwa da yawa idan babu mai musa masa a gida.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci mutanensa suka zo kamar kullum: direbobi, leburorin gini, masu shara daga unguwar Shifa, kowa da farar rigarsa ta mako. A gaba Yacouba ne, direba ɗan Damagaram, wanda bakinsa ya fi motarsa gudu. Ya sa ƙafa ɗaya a shago ya tsaya cak.

"Innalillahi! Almustafa, annoba aka yi?"

Na bayansa suka leƙo. Wani ya cire hula yana sosa kai.

"Sabon naɗi ne," in ji Almustafa. "Irin na Japan."

"Su ma can haka suke yi wa nasu? Allah Ya ji ƙansu. To ku daidaita sahu, jama'a. Wa zai ja mana?"

Aka fashe da dariya. Wani ya ce kabbara huɗu ce, kada a yi ruku'u. Wani ya tambaya ko an sanar da iyalan san. Amma wani dattijo mai suna Lado bai yi dariya ba. Ya ce shi dai ba zai kwance wannan ɗaurin ya kai baki ba, a ba shi a tsohuwar leda in akwai saura. Sauran ma da dariyar ta lafa, haka suka ce.

Nazira tana bayan labule, inda take shirya sauran kayan. Hausarta ba ta kai ta kama kowace ba'a ba, amma kabbara huɗu ba ta buƙatar fassara. Da shagon ya watse ta fito.

"Me suka gani?"

Almustafa ya shiga gyara abin da ba ya buƙatar gyara.

"Baba. Me suka gani?"

"Likkafani."

Ta dubi jerin fararen ƙunshin. Ta daɗe tana dubawa.

"Kai ma ka gani tun ranar?"

"Na gani."

"Ka ce ya yi kyau."

"Ya yi kyau ai. Ba ƙarya na yi ba. Mamanki ma ta yi kyau."

Bai yi niyyar faɗin na ƙarshen ba. Ya jira ta ɗauki jakarta ta fita, ya ma fara jin muryar Bilƙisu tana cewa dama ta faɗa. Sai Nazira ta ɗauko ƙunshi ɗaya ta ajiye tsakaninsu.

"Haka aka yi wa Mama?"

Ranar da aka kai Zouera, an bar yarinyar a gidan maƙwabta a unguwar Nasim, aka kunna mata talabijin. Babu wanda ya gaya mata komai daga baya, ita ma ba ta tambaya ba, kowa ya ɗauka tausayi ne yake yi wa ɗan'uwansa.

Ya zauna a kan buhun gyaɗa. Ya ce kusan haka, sai dai nata ɗaurin ya fi uku, kuma ba a tamke shi sosai, saboda za a kwance. Ya ce matan da suka wanke ta sun ce jikinta da laushi. Ya ce shi ya shiga ramin, shi da wani ɗan Tasawa da ya koma gida tuni. Ya kama zaren kan ƙunshin ya ja, ya warware. Ya ja na ƙafa.

"Haka na yi. Sannan na juya ta dama."

"Ta yi nauyi?"

"A'a. Ciwon ya riga ya kwashe nauyin."

Ta yi ta tambaya, yana ba ta amsa. Mai walda ya kunna injinsa, suka ɗaga murya suka ci gaba. Wani Bangali ya leƙo yana son kilishi, Almustafa ya ce masa an rufe, alhali ƙofa a buɗe take.

Can ta share fuska da gefen mayafi, ta dubi ƙunshin da ya rage da ɗauri ɗaya a tsakiya.

"Farin zai tafi," ta ce. "Takarda mai ruwan ƙasa, kalar kilishin kansa. A shimfiɗe, ba a nannaɗe ba. Zare ɗaya, ja."

"Sai ki maido mini da bijimina."

"Ƙahonsa kawai."

"Mutane sun saba da shi gaba ɗaya."

"Za su saba da ƙaho. Khalas, an gama, Baba."

Juma'ar da sabon ya fito, Yacouba ya ɗaga shi sama yana kallon lanƙwasa biyu na baƙin buroshi.

"Ina sauran san? Kun cinye?"

"Yana ciki," in ji Nazira daga bayan kanta, da Hausarta mai ɗingishi. "Sai ka biya ka gan shi, Kawu."

Ya saya biyu. Lado ya juya nasa, ya shinshina, ya sa a aljihu.

Da la'asar Bilƙisu ta kira. Almustafa yana kankare tire, bai ɗago ba, amma hannunsa ya tsaya.

"Inna, ba yanzu ba," in ji Nazira. "Allon shagon ma bai yi ba. Har yanzu da lambobin da suka mutu a jiki."

Ya ci gaba da kankara.