Ɗigon Maganin Malam Abdullateef

Safiyyah ta zo Kano hutu, aka gaya mata idon Malam Abdullateef ya yi rauni, ba ya zuwa ko'ina sai masallaci. Shi ya koya musu kimiyya a sakandare, lokacin suna zaune a Gyadi-Gyadi. Da hantsi ta tari adaidaita zuwa gidansa a Tarauni.

A zaure ta same shi kan tabarma. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi sunanta, sai ya tambaya ko ita ce mai lashe zumar gwaji. Ta rufe fuska tana dariya. A wancan zamanin yakan shigo aji da kwanon ruwa, ya ɗora allura a hankali ta tsaya a sama, ya ce ruwa ma yana da fata. Sai ya tsiyayo zuma daga cokali, su ga yadda take jan zare ta ƙi tsinkewa.

Ya tambayi aikinta. Ta ce a kamfanin magani take a Legas, su ke tsara yadda maganin ido zai riƙa fita ɗigo-ɗigo. Akwai wata lamba da suke aiki da ita, ba ta da mita ba ta da kilo, tana gwada kaurin ruwa ne da ƙarfin wannan fatar ta samansa. In ta yi ƙasa, ɗigo ya tsinke da wuri. In ta yi sama, ya ja zare.

"Wato allurata da zumata kuka haɗa wuri guda," in ji shi.

"Su ne, Malam."

Ya laluba aljihu ya fito da 'yar kwalbar maganinsa, ya ce hannunsa rawa yake, rabi a kumatu yake ƙarewa. Ta karɓa, ya ɗaga kai, ta ɗiga masa. Yana nan ido rufe ya shiga tambayar 'yan ajinsu da sunayensu. Ta ce Husaina tana aikin jinya a Hotoro. Da ya zo kan Kubura, ta gaya masa ta rasu bara. Ya daɗe yana mata addu'a.

Da aka kira azahar ta riƙe masa sanda har ƙofar masallaci. Daga nan ta taka da ƙafa zuwa Gyadi-Gyadi don ta ga tsohon gidansu. An rushe shi an yi shaguna, amma darbejiyar ƙofar gidan tana nan, wani mai faci ya kafa kayansa a inuwarta.