Rassan Shukar Umma

Da aka ce za a faɗaɗa titin gidanmu, ban damu da katangar ba. Shukar Umma na tuna, wadda ke jingine da ita, mai ƙananan fararen furanni masu ƙamshi in rana ta yi sanyi. Umma ta rasu, shukar ce ta rage mana. Kafin katafila ta iso na je da wuƙata na yanko rassa masu ɗan ƙwari, na naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma.

Ni da Yaya lambu ɗaya muke aiki, inda ake rainon furanni ana sayarwa. A ɗakin ajiya akwai akwatin ɗumi. Ƙasansa lantarki ke ɗumamawa, samansa murfin roba ne mai 'yan ƙofofin iska. Reshe na son ɗumin nan, yana saurin fitar da saiwa. Fumfuna ma tana sonsa. Shi ya sa na wanke akwatin tas, na kwarara wa yashi tafasasshen ruwa, na goge wuƙa, na cire ganyen ƙasa kafin in dasa. Kullum da safe sai in ɗaga murfin, in share gumin da ya taru, in bar su su sha iska.

"Auta, saura ka goya su," in ji Yaya. "Ko jariri ba a yi masa wannan hidimar."

Ana nan sai aka kwantar da Gwaggo a asibitin wani gari, aka rasa mai jinya sai ni. Na kai Yaya gaban akwatin.

"Ka riƙa buɗe musu da safe, Yaya. Kuma don Allah kada a sa komai a ciki."

"Ji yaro. Wa ya koya maka riƙon wuƙa? Kai kaɗai Umma ta haifa? Tafi abinka."

Na tafi hankalina kwance.

Ranar da na dawo, tun kafin in taɓa murfin wari ya tare ni. Ƙofofin iska a rufe suke ruf. Fumfuna ta lulluɓe rassan kamar auduga mai datti, gindinsu ya yi baƙi. Na zaro ɗaya a hankali. Ashe har ya fara saiwa, 'yar siririya, ita ma ta ruɓe.

Yaya ya dafa kafaɗata. "Ƙaddara ce, Auta. Ka san fumfuna ba ta sallama."

Na yarda. Har ni nake ba shi haƙuri, don na ga fuskarsa ba daɗi.

Sai da na zo juye yashin na ga shatar gindin tukwane a gefe, da burbushin tsohuwar ƙasa, da wani ganyen wardi mai baƙin tabo. Ni ban sa wardi ba. Na zaga bayan tankin ruwa don in ɗebo na wanki, sai ga su a jere a inuwa, inda iska ke kaɗawa: tukwanen wardi, an yi musu feshin magani, suna ta toho.

Na same shi yana ɗaure leda.

"Yaya, wardin bayan tanki fa?"

Bai ɗago ba. "Wani mai otal ne ya matsa min in haɗa masa su da wuri. Ga wuri a banza a gefen naka."

"Ƙofofin fa?"

"Na rufe ne don su yi sauri."

"Da ka ga fumfuna sai ka kwashe naka."

"Naka sun riga sun kamu."

"Dukansu?"

Ya ci gaba da ɗaure ledar da ya riga ya ɗaure.

"Ko murfin ai da ka bar musu a buɗe, Yaya."

"Itace ne fa, Auta. Zan samo maka irinsa, har wanda ya fi shi."

Ban iya rigima ba, tun ina ƙarami. Na ajiye bokitin na taka har inda katangar gidanmu take a da, ko wani ɗan tsiro ya tsira a gefe. Na tarar an malala kwalta, motoci na wucewa daidai inda Umma ke tsugunawa da butarta.

Yaya ya cika alkawari kuwa. Bayan 'yan kwanaki na ga tukunya a ƙofar ɗakina, fararen furanni manya-manya, sun fi na Umma kyau. Da rana ta yi sanyi na sunkuya na shinshina. Ba ƙamshin komai.

Ina ba ta ruwa, don ita ba ta yi min laifi ba. Har yanzu ni da Yaya muna cin abincin rana a kan benci ɗaya, in ya ce Auta ina amsawa. Amma in zan fita, ko nan da bakin titi ne, sai na kulle ɗakin ajiya na sa makullin a aljihu. Yana gani. Bai taɓa tambaya ba.