Kara Uku daga Bolar Ogbete

Mijina Kallamu gadina ne. Tsufa ne ya sa yau nake kiran sunansa gatsal, da can Malam nake cewa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana kula da lambun wani Bature injiniyan jirgin ƙasa a Inugu, ni kuma ina suyar waina a bakin kasuwar Ogbete. Ɗaki ɗaya muke haya a gidan Mama Angelina, wata Inyamura da ta yi zaman Gusau, tana jin Hausa kamar jakin Kano.

Cikin duk abin da Malam yake shukawa, wani fure mai suna daliya ne ya cinye masa hankali. Ya kafa masa sanda, ya ɗaure shi da tsumma mai laushi, ya tsince ƙananan toho na gefe ya bar guda ɗaya tal a kan kowane reshe don ya fito da faɗin faifai. Idan hadari ya haɗo har laimar kwali yake yi masa. Ni da nake ɗauko masa takin shanu daga mahauta a ka, ban taɓa samun laima ba, kuma na sha gaya masa hakan.

Duk ƙarshen damina Turawa suna gasar furanni a kulob ɗinsu. Sau uku furen Malam yana zuwa na ɗaya, sau uku ana rubuta sunan Madam Ann, matar maigidansa, a jikin katin. Shi yana waje bakin shinge riƙe da bokiti. Abin yana ci masa rai, ko da yake ba ya faɗa. Akwai wata daliya da shi da kansa ya fitar daga iri, ja mai duhu, bakin kowane ganyen furen fari fat. Shekara huɗu yana rainonta har ta zama gindi bakwai. A shekarar sittin da shida, da gari ya fara rikicewa, Madam ta haɗa kayanta za ta koma ƙasarsu, ta ce masa wannan tasa ce, ta kuma yi magana a kulob a bar shi ya shiga gasa da sunansa. Gasar ba a yi ta ba a shekarar. Malam ya ce ba komai, akwai baɗi.

Sai jiragen ƙasa suka fara saukowa daga Arewa cike da Inyamuran da aka kashe wa 'yan uwa, wasu da raunuka ba kyan gani. Wanda jiya ya sayi wainata yau sai ya wuce yana hararata. Ba a daɗe ba aka ce duk ɗan Arewa ya tattara ya nufi tasha, kowa ƙunshi ɗaya.

Ranar da za mu tafi, Malam ya yi sammako ya nufi unguwar Turawa. Da hantsi sai ga shi da buhu a kafaɗa, gumi sharkaf. Ya zazzage a tsakar gida: gindi bakwai, kowanne da guntun kara a tsakiya, saiwoyi sun kewaye shi kamar dankali, duk laka.

"Lokacin tonon bai yi ba, ganyen ma bai bushe ba," ya ce. "Ki samar musu wuri a kaya, Barira. Bari in je tasha in sa a rubuta sunanmu."

Ya fita a guje. Na tsaya ina kallon tulin nan. Ban taɓa ganin yadda yake ajiye su ba, domin a siton gidan Bature yake wannan aikin duk rani. Kowane gindi ya baje ya kai girman kwando, ga ƙunshi ɗaya aka ce. To, ni 'yar manoma ce, na san dankali. Na zauna na ɓalle manya-manyan ɗaya bayan ɗaya, na wanke su tas, na jera a tukunyar tuwo, suka shige cif. Karan da 'yan tsirarun da ke manne da shi na kwashe a kwandon shara, na kai bolar bayan kasuwa na juye. Har ina yaba wa kaina dabara.

Da azahar ya dawo. Na buɗe masa tukunya ina jiran sannu da aiki. Ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya duba wajen da na ɓalle. Ya ɗauki wani. Sai ya zauna a ƙasa daɓas.

"Ina karan?"

"Yana bola, Malam. Ai na zaɓi masu kyan."

"Idon da ke tsirowa a wuya yake, jikin kara," ya ce a hankali. "Waɗannan ko shekara goma suka yi a ƙasa, ba abin da zai fito."

Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Bai ko ɗaga murya ba. Ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa, ya ce in ɗaura kaya, jirgin na la'asar ne. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni. Mutum ya yi kasadar ransa ya ratsa gari ya tono abinsa, ni na gama da shi a tsakar gida da hannuna.

Na yafa mayafi na nufi ƙofa. Mama Angelina ta tare ni.

"Ina za ki? Samari sun cika hanya da sanduna."

"Bola za ni, Mama. Ko za a yanka ni sai na je."

Ta dube ni, ta ga ba wasa nake ba. Ta fizge mayafina ta jefa ɗaki, ta ɗaura mini ɗankwalinta irin ɗaurin matansu, ta ce kada in kuskura in buɗe baki. Muka fita tana gaba ina baya.

Awaki sun riga mu isa bolar, sun yi kaca-kaca da wurin. Na durƙusa cikin ɓawon ayaba da ruɓaɓɓen tumatir ina tonawa da hannu. Wasu samari uku suka tsaya a kanmu, ɗaya ya taɓa bayana da sanda ya yi tambaya da yarensu. Mama Angelina ta riƙe ƙugu ta hau su da faɗa, har ta kira sunan uwar ɗaya daga cikinsu. "Na my sister, commot for here!" Wato ni 'yar uwarta ce, su bar wurin. Suka yi tsaki suka wuce. Na ci gaba da tonon.

Kara uku na samu da ɗan abin da ya rage a jikinsu, 'yan tsirarun nan da na raina, kowanne bai fi babban yatsa ba. Na ƙulle su a gefen zane. A ƙofar gida Mama Angelina ta rungume ni muka yi kuka, rabona da ita ke nan.

A tasha na kwance ƙullin na nuna wa Malam. Ya duba sau ɗaya ya kau da kai. "An tone su ɗanyu, akuya ta tattaka. Ba za su kai damina ba." Manyan da ke tukunya kuwa, a Makurɗi jirgi ya yi yini guda a tsaye, yara suna kukan yunwa, na dafa su a bakin dogo na raba. Lami suke, ba zaƙi ba ɗaci. Malam ya juya baya har aka cinye.

Muka sauka a Bukur, gidan yayana Ya'u. Nan Malam ya zama wani mutum daban. Ya'u ya samo masa aikin lambu har sau biyu, ya ce ba ya so. Kullum yana zaure, ya haɗa kai da gwiwa. Idan na tambaye shi yadda ake ajiye saiwar, sai ya ce in zubar.

Ni kuwa na ƙi. Na dinga lalubo maganganun da yake yi mini a Inugu ina suya ina jinsa da rabin kunne: toka, busasshen yashi, duhu. Na kife su kwana uku ruwan cikin karan ya tsiyaye, na barbaɗe su da toka, na binne a yashi cikin tsohuwar tukunyar ƙasa, na tura ƙarƙashin gado. Kowace Juma'a sai na fito da su in duba. A wata na biyu ɗaya ya yi laushi yana wari. Na yanke ruɓar, na shafa toka, duk da haka ya tafi. Na biyu sanyin Bukur ya tsotse shi ya yamutse, na yayyafa wa yashin ruwa, ashe na makara. Saura ɗaya. Matar Ya'u tana yi mini dariya, wai ina jinyar kara. Na ce ta yi ta yi.

Wata shida cur. Bayan ruwan farko na tono shi, sai na ga wani ɗan abu ja a wuyansa, bai fi ƙwayar dawa ba. Ban gaya wa kowa ba. Na huda tsohon kwano, na cika da ƙasa, na tura shi can ƙasa sosai don kada kaji su tone. Kwana goma sha biyu ina ba shi ruwa, shiru. Raina ya ɓaci, na ce na sake kashe shi.

Na ɗauki kwanon na shiga zaure, na dire a gaban Malam.

"Ga shi nan. Ya yi ido, na shuka, ya ƙi fitowa. Iyakar abin da na sani ke nan."

Ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya sa yatsa ya fara jan ƙasar a hankali, kaɗan-kaɗan, har ya kai tsakiya. Ga tsiro nan fari, ya lanƙwashe yana neman hanya.

"Wa ya ce ki binne shi haka kamar gawa? Zurfin yatsa uku ake yi. Kuma wannan ƙasar ta yi nauyi, ruwan ya yi yawa, saura kaɗan ki ruɓar da shi." Ya goge ido da hannun riga, ya ɗago ya dube ni. "Akwai mahauta a garin nan?"

"Akwai, Malam."

"To me kike jira? Busasshen taki za ki samo, ba ɗanye ba."

Na ɗauki kwando na fita. Kafin in kai ƙofa na ji yana ƙwala wa Ya'u kira, wai ya ara masa fartanya.