Belin Rauda

Hoton ya tsaya cak a daidai lokacin da aka rufe wa Rauda ƙofa.

Malam Dawuda ya girgiza wayar, ya hura mata iska, ya miƙa ta sama wajen reshen bedin ƙofar gidansa. Ko gezau. Ga ɗiyarsa can cikin wani ɗan ɗaki na gilashi, da ƙatuwar hula a ka, ta haɗa kai da gwiwa.

Shekara huɗu ke nan da ta bar Kusada zuwa jami'a a Kanada. A can ta koyi wani wasa da ake yi kan ƙanƙara, da takalma masu wuƙa a ƙasa da sanda mai lanƙwasa, ana korar wani baƙin abu kamar murfin gwangwani. Yanzu ta gama karatu, wata ƙungiya na son ɗaukarta ta riƙa biyanta, kuma yau ne wa'adin sa hannu. Ita kuwa ta kafe ba ta sa hannu sai ya sa albarka. Shi ne ta turo masa wasanta na ƙarshe a jami'a ya gani da idonsa, ta ce za ta kira bayan la'asar.

To, ya gani. Ta bangaje wata 'yar mutane, an busa usur, wani mai riga zane-zane ya tasa ƙeyarta.

"Jamilatu! An kama Rauda!"

Matarsa ta leƙo daga zaure da muciya a hannu. "Malam, wasan watan jiya ne fa."

"Innalillahi! Wata guda ke nan tana ciki!"

"To da safe daga ina ta kira ka?"

"Ke mi kika sani kan irin wurin nan? Ni na sani."

Nan kam Jamilatu ba ta ja ba. Shekarun baya sansa na noma ya shiga geron wani mai hannu da shuni, aka ce ya zo ofishin 'yan sanda ya amsa tambaya ta minti biyar. Sai da ya kwana tara a kulle. Har yau in aka turo ƙofa da ƙarfi sai gabansa ya faɗi.

Ya kira Rauda, waya a kashe. Bai yi wata-wata ba ya aika wa amininsa Dabo, wanda rabin Kusada shi ya tsaya musu beli. Dabo ya iso da babbar rigar Sallah, da takardar gonarsa a leda, da ƙananan hotuna biyu. Suka hau babur sai Kankia, inda sabis ke da ƙarfi.

"Shin ofishin waɗanda suka kama tan na Katsina ne, ko sai mun dangana da Kano?" in ji Dabo daga baya.

"Mu dai fara ganin fuskar wanda ya rufe ta."

A bakin titi suka sami Gajere mai gyaran waya, dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Ya ɗan latsa, hoto ya motsa. Kafin ka ce me, 'yan acaɓa da masu jiran motar Kano sun yi musu rumfa.

Rauda na zaune, ana ta wasa babu ita, wani agogo a gefe yana cin lokaci da baya. Malam Dawuda ya riƙe numfashi. Can sai wani mutum ya miƙa hannu ya buɗe ƙofa. Rauda ta fito kamar an harbo ta, ta tare baƙin abin nan, ta kauce wa mutum biyu, ta narka shi a raga. Bakin titi ya kaure da ihu.

"Maido baya," in ji Malam Dawuda.

Gajere ya maido wurin cin.

"Ba nan ba. Wurin ƙofa."

Sau uku ana buɗe ƙofar nan yana kallo.

"Wa ya zo mata?"

"Ba kowa," in ji Gajere.

"Wa ya sa hannu?"

"Ba kowa, Malam. Minti biyu ne, sun cika."

"Ko kuɗin biro ba a tambaya ba?"

Dabo ya tsuke fuska, ya shiga naɗe takardar gonarsa. "Wannan ai rashin tsari ne. A saki mutum haka kawai, ba a ga idon dattijo ba?"

Ana fitowa sallar la'asar wayar ta yi ƙara.

"Baba, ka kalla?" in ji Rauda.

"Na kalla. Wannan ɗaki, kullum haka ake yi? Minti biyu?"

"In laifin ya yi girma, biyar."

"In an ce biyar, biyar ɗin ne?"

"Biyar ɗin ne, Baba."

Malam Dawuda ya tuɓe hula. Ya goge ido da bakin hularsa, bai damu da wa ke kallo ba.

"Je ki sa hannu, Allah ya yi miki albarka. Amma ɗiyar mutanen da kika kayar, ki nemi gafararta."

Dabo ya riga ya haye babur, yana mitar gugar rigar da ya yi a banza. Malam Dawuda ya koma ya miƙa wa Gajere wayar.

"Ƙara maido min wurin ƙofar nan."