Bokiti a Ƙofar Ɗakin Jarirai

Injiniya ta sa ƙafa ta ture bokitin, ƙofar ɗakin jarirai ta koma ta kulle kanta. Karo na uku ke nan tun safe. Wata huɗu ta yi tana jagorantar aikin nan, ƙofa arba'in da biyu na asibitin duk an sa musu makullin lantarki mai buɗewa da kati, ga shi yau bokitin roba na neman ya kai ta ƙasa.

Ƙarfe biyu shugaban asibitin zai zagaya ya karɓi aiki, kuma tun jiya ya faɗa mata gaskiya. Saboda ɗakin nan aka nemo kamfaninsu, domin bara an tare wata baƙuwa a bakin get da jaririn da ba nata ba. In ya tarar da ƙofar a tokare, to a kwance komai a koma wa kwaɗo da mai gadi. Wannan kuwa shi ne aiki na farko da aka damƙa mata ita kaɗai.

Ta sami babbar nas tana jera allurai a tire.

"Anti, don Allah wa ke tokare ƙofar nan?"

"Ni ce," in ji babbar nas, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ƙofar taku hannu uku take so, mu kuwa biyu Allah ya ba mu."

"Kara katin fa daƙiƙa ɗaya ne."

"'Yar nan, kin taɓa ɗaukar jariri ana yi masa ƙarin ruwa?"

Ran Injiniya ya ɓaci. Har ta buɗe baki za ta tuna mata horon da ta ba su sau biyu, sai ta haɗiye maganar. Ta jawo benci ta zauna tana kallon ƙofar.

Baba Mai Waya, dattijon da ke haɗa mata na'urori, ya matso. "Ranki ya daɗe, rana na yi. Mu sa ƙararrawa kawai, in an bar ƙofa buɗe ta yi ta ihu."

"A ɗakin jarirai, Baba?"

Ya sosa ƙeya.

Minti arba'in ta yi a zaune. Ba nas ɗin da ta wuce hannu rabbana. Wannan tire, waccan zannuwan gado, wata jariri a kafaɗa. Kowacce katinta na cikin aljihun gefen riga, na'urar karanta katin kuwa tana can daidai ƙirji, inda zane ya ce a sa ta. Kuma duk wadda ta iso, kafin ta tuna da kati, sai ta juya ta ba ƙofar ƙugu, yadda suka saba tun kafin a san da lantarki a wurin.

Injiniya ta miƙe zumbur. "Baba, sauke na'urar. Daidai ƙugu."

"Zane ya ce mita ɗaya da ashirin."

"Ni na sa hannu a zanen, ni zan gyara shi." Ta leƙa ciki da tef ɗin awo. "Anti, zo ki tsaya nan in auna ki."

"Auna ni? Tela kika koma?"

Ta auna ta, ta auna mafi tsawo da mafi gajarta a cikinsu, ta sa alama a tsakiya. Baba ya huda bango, jarirai uku suka tsandara kuka, babbar nas ta watsa masa harara har sai da ya nemi afuwa. Ɗaya da rabi aka gama.

Babbar nas ta ɗauko tire cike da kwalabe, ta zo tana taɓe baki, ta goga ƙugu a jikin na'urar. Koriyar fitila ta kama, ƙofa ta saki. Ta fito ta sake. A na uku sai da ta haɗa da rangwaɗa, nas-nas suka kwashe da dariya.

Da shugaban ya zo, ya tura ƙofar da kafaɗa, ko motsi ba ta yi ba. Yana tsaye wata nas ta wuce da jariri ba ta ɗaga ko yatsa ba, ƙofa ta rufe a bayanta. Ya zaro biro ya sa hannu.

"Wa ya kawo wannan dabara?"

"Mu muka faɗa," in ji babbar nas, "ita kuma tana da kunne."

Daɗi ya cika Injiniya har ta ji ƙwalla na neman zubo mata. Da shugaban ya tafi, ta bi bayan wata nas ta shige don ta yi godiya. Babbar nas ta tare ta da hannu.

"Ke kuma ina za ki? Ina katinki?"

"Anti, ni ce fa na haɗa ƙofar."

"Ko ke kika haife ta. Ba a bin bayan wani a shigo ɗakina. Koma."

Ba a taɓa yi mata korar da ta ji daɗinta irin wannan ba. Ta koma waje tana murmushi, ƙofa ta kulle a fuskarta. Katinta a wuya yake rataye, don haka sai da ta rusuna har ƙasa kafin ƙofar ta buɗe mata.