Sawun Wuƙa a Cikin Firiza

Mai gyaran ya ja firij ɗin daga jikin bango, ya durƙusa a bayansa, ya ɗora tafin hannu a kan injin. Zafi zau. Injin yana ta gurnani ba hutawa, amma cikin firij ɗin ɗumi kamar aljihu.

"Ka dai ji shi ko?" in ji matar gidan daga bakin ƙofar kicin, hannu a ƙugu. "Ga ƙara, sanyi babu. Nama ya fara wari, madarar yara ta lalace. Kai ne fa ka taɓa shi watan jiya, Injiniya. Kafin ka taɓa shi lafiyarsa lau."

"Lafiyarsa lau kuma kika kira ni, Hajiya?"

"Kai dai duba, ban da surutu."

Ya yi dariya, amma maganar ta sosa masa rai. Rabin gidajen layin nan shi ke musu gyara, kuma bakin Hajiya ya fi rediyo nisan zango. In ta ce ya ɓata mata firij, kafin yamma kowa ya ji.

Ya bi komai daki-daki yadda ya saba. Soket lafiya, filogi bai ƙone ba. Maɓallin sanyi yana inda ya bar shi. Ya shafa ragar baya, ƙura kaɗan ce, ba ta isa ta hana sanyi ba. Sai ya buɗe ɗan ɗakin firiza na sama. Ƙanƙara ta daskare a gefe guda kamar dutse, ɗaya gefen kuwa an kankare shi har ƙarfe. Ya haska tocila. Zane-zane ne sirara a jikin ƙarfen, a ƙarshen ɗaya daga cikinsu wani ɗan ɗigo baƙi. Ya shafa ruwan sabulu a wurin, wata 'yar kumfa ta taso a hankali, ta fashe.

Wani daɗi ya tsarga masa, irin na wanda aka wanke a gaban jama'a.

"Hajiya, zo ki gani da idonki." Ya riƙe mata tocilar da kansa. "Kin ga wannan? Wani ne ya kankare ƙanƙara da wuƙa. Ya huda bututun, gas ɗin ya tsere. Injin zai kwana yana gudu, sanyi ba zai zo ba. Wannan kam ba hannuna ba ne."

Ya ɗaga murya da gangan, don maigidan da ke falo ya ji.

Juyawa Hajiya ta yi, ta kalli ƙofar baya. Sai a lokacin mai gyaran ya lura da tsohon da ke zaune can a kan kujerar roba, kofin shayi a hannu. Mahaifin maigidan ne, tsohon direban babbar mota, wanda ya dawo gidan ɗansa da zama bayan rasuwar matarsa. Duk zuwan mai gyaran sai ya tsare shi da labarin injuna.

Maigidan ya shigo, waya a hannu. Ya leƙa firiza, ya daɗe yana kallo.

"Baba."

"Ƙofar ce ta ƙi rufuwa," in ji tsohon, idonsa a cikin kofi. "Na ga ƙanƙara ta tokare ta. Na ce bari in rage mata, kada in dame ku."

"Ba ka ji ya yi huci ba?"

"Na ji. Na zaci iska ce."

"Yaushe ne?"

Tsohon ya shiga lissafin kwanaki, leɓensa yana motsi. "Jiya ne. Ko shekaranjiya."

Hajiya ta sassauta murya, kuma hakan ya fi ihu nauyi. "Abban yara, wancan makon murhun gas ya bari a kunne, Allah ne ya tsare. Yau kuma wuƙa. Kai kana ofis, ni ina kanti, yara da shi suke wuni. Ba ƙinsa nake ba, Allah ya sani."

"Na sani." Maigidan ya shafa fuska. "Mun yi magana da Yaya. Ta ce ɗakin yana nan, kuma ita kullum tana gida. Ni ne nake ta ja."

Mai gyaran ya san zancen, tsohon ya taɓa faɗa masa. 'Yar tsohon, yayar maigidan, tana can wani gari mai nisa, a saman bene, inda ba ya da kowa. Nan kuwa yana da abokan hirarsa a garejin bakin titi, tsofaffin direbobi irinsa, inda har yanzu ake tambayarsa ra'ayi in mota ta ƙi tashi.

Tsohon ya ajiye kofin a ƙasa, ya miƙe da ƙyar, ya fita tsakar gida.

Mai gyaran ya sunkuyar da kai kamar mai aiki. Idonsa ya sauka kan robar ƙofar firiza. Ta yage a kusurwa, ta saki. Ya san yagewar nan. Watan jiya ya gan ta, har ya auna, ya ce zai kawo sabuwa. Sai aikin wani otal ya faɗo masa, ya yi ta cewa gobe. Ta nan iska ke shiga, iskar ce ke zama ƙanƙara, ƙanƙarar ce ta tokare ƙofa.

Ya fita ɗauko tukunyar gas daga babur, maigidan ya biyo shi.

"Injiniya, ka tabbata wuƙa ce? Ba tsatsa ba ce, ko tsufa?"

Ba tambaya ba ce, roƙo ne, kuma mai gyaran ya gane. Da tun farko ya ce tsatsa ce, da babu wanda zai musa. Amma shi da hannunsa ya riƙe wa Hajiya tocila, tsohon kuma ya amsa da bakinsa.

"Wuƙa ce, Yallaɓai. Amma ka ji, robar ƙofar ce ta jawo ƙanƙarar. Ni ya kamata in canza ta tun wancan zuwan. Da na canza, da Baba bai ga abin kankarewa ba."

"To ka canza ta yau." Maigidan ya kalli titi. "Roba dai ba ta ɗauki wuƙa ba."

Ya koma ciki yana laluben lamba a waya. Ta taga mai gyaran ya ji ya ce, "Yaya, ina wuni."

Ya tsaya riƙe da tukunyar gas. Ko kalma ɗaya ta ƙarya bai faɗa ba a gidan nan. Abin da ya kasa ganewa shi ne yadda gaskiya zalla za ta bar wa mutum ɗaci irin na ƙarya. Da ma ya tsaya ya dubi ɗakin kafin ya buɗe baki. Da ma ya ja maigidan gefe. Shi dai sunansa yake karewa, kuma ya kare shi.

Hajiya ta kwashi naman ta tafi kai wa maƙwabta ajiya. Kicin ya yi tsit. Ba a liƙe huji sai sauran ƙanƙarar ta narke, wurin ya bushe, don haka ya ɗora ruwa a wuta. Sai ya ji jan takalmi a bayansa.

"Ɗana."

"Na'am, Baba. Ka yi haƙuri, ni ban san..."

"Haƙurin me? Aikinka ka yi. Ni ma da yaron mota ya ƙona min inji ba na ɓoyewa." Ya jawo kujerar robar kusa da firij ɗin, ya zauna. "Can gidan 'yata ma akwai irin wannan, har ya fi shi girma. Nuna min yadda ake yi, kada in je in yi wa mijinta ɓarna."

Mai gyaran ya zare filogi, ya nuna masa. Ya zuba ruwan zafi a kwano, ya sa a cikin firiza, ya shimfiɗa tsumma a ƙasa, ya bar ƙofar a buɗe.

"Sai kuma me?"

"Sai jira, Baba. Da kanta za ta saki."

"Ba a taɓa komai?"

"Ba a taɓa komai."

Tsohon ya dubi hannayensa, manya, masu kanta. Ya cusa su tsakanin gwiwoyinsa, ya matse.

"To," ya ce. "Wannan zan koya."

Mai gyaran ya zauna a kan akwatin kayan aikinsa. Suka zuba wa ƙanƙarar ido, tana ɗiga a kan tsumma.