Bana a Gida Zan Yi Sallah

Duk faɗin Garwa, in kana neman gidan mahauta da ake cin wake safe da yamma, to ka tambayi gidan Hadje Mairamu. Abin kunya, wallahi! Kakannin marigayi mijinta da shanu suka iso daga Kano, kilishinsu har Yawunde ake aikawa da shi, amma tun da ɗanta Ridwan ya bar aikin soja ta kafa doka: ba suya, ba gashi, ko kitse ba mai ɗora wa wuta a tsakar gidan nan. Sana'ar ma aka kwashe ta aka mayar bayan kasuwa.

Ridwan ya yi yaƙi can arewa, wajen duwatsun kan iyaka, ya dawo da ciwo iri biyu. Na farko wata murya ce da yake ji shi kaɗai, har ya raɗa wa mai ita suna Kofur. Kofur ba shi da aiki sai zagi. Allurar da ake yi wa Ridwan duk wata a lopital, wato asibiti, ta rage masa baki, ya koma kamar rediyon maƙwabta. Na biyu kuwa ƙaurin nama ne. Da hayaƙin gashi ya taɓa hancinsa, sai ka ga ƙato guda ya zube, ya cusa kai ƙarƙashin duk abin da ya samu, yana gumi yana kiran wani Babagana.

Shi ya sa kowace Babbar Sallah, tun kafin a fara wasa wuƙaƙe, Hadje ke cusa shi a mota zuwa Tibati, wajen ƙaninta mai kamun kifi a ruwan Mbakaou, can bukkokin masunta inda ba mai rago. Hayaƙin kifi bai dame shi ba, ikon Allah. Sauran 'yan gida kuma suka koyi zuwa duba marasa lafiya a maƙwabta, su dawo leɓe na ƙyalli. Hadje kan yi musu faɗa sosai, sannan ita ma ta zaga gidan ƙawarta ta danna balangu, ta tauna kanumfari kafin ta shigo.

Ana haka, Sallah saura 'yan watanni, Ridwan ya ajiye cokalin wake ya ce, "Hadje, bana a gida zan yi Sallah."

"A gidan wa?"

"A nan. Na gaji da a riƙa tura ni kamar buhun gawayi."

"Wa ya sa maka wannan a kai? Kofur?"

"Madam Christine ce, sabuwar likitar da aka kawo lopital. Ta ce ana iya magance abin."

Washegari Hadje ta yafa mayafinta na zuwa rigima, ta hau moto, wato babur ɗin haya, sai lopital. Ta tarar da Madam Christine 'yar siririya, da tabarau, tana Hausar kasuwa tana cike gurbi da Fulatanci. Hadje ba ta ko gama zama ba ta fara.

"Likitan da ya riga ki, mai furfura, ya ce kada a kuskura a taɓo masa zancen yaƙi, kansa zai ƙara juyewa. Ke kuma daga zuwanki za ki tona min yaro?"

"A da haka ake tsoro, Hadje," in ji Madam. "Ana ganin mai jin murya ba zai iya ɗauka ba, sai a bar shi da abinsa. Amma allura Kofur take yi wa aiki, ba ta san Babagana ba. Shi wannan sai an zauna an yi maganarsa, kuma sai hancinsa ya sake sabawa da nama, kaɗan-kaɗan. Allurar ma ba za mu daina ba."

"Mu da muka hana kanmu nama saboda shi fa?"

"Duk ranar da aka ɓoye, tsoron ƙara ƙiba yake yi."

"Au! Ni ce ma na ƙara masa ciwon?"

"Da ƙauna kika yi."

Hadje ta ce a ranta, da ƙauna zan kwaɗa miki mari. Amma ta dubi ɗanta a kan benci, ya haɗa gwiwoyi kamar ɗan makaranta, idonsa na roƙonta, sai ta sassauta. Ta ce a gwada, in ya lalace kuma Madam ta san inda za ta gudu.

Aka fara. Ranar randebu, wato ranar ganin Madam, Ridwan ya shiga ofis ya rufe ƙofa, ya ba Madam labarin ranar da abin ya faru, ya sake, ya kuma sakewa, ya fito ido jajur. Sauran ranaku kuma aikin gida: ya je ya tsaya tsallaken titi daga tukubar Abakar mai tsire, ya shaƙa, kada ya gudu har bugun zuciyarsa ya sauka. Hadje ta ce ba ta yarda ya je shi kaɗai ba. To ka ga tsohuwa mai zuwa Makka, kullum la'asar tana tsaye ta zuba wa mai tsire ido, ba ta sayen ko tsinke ɗaya. Kafin mako ya zagayo unguwa ta ɗauka: Hadje Mairamu ta gaji da zawarci. Shi kuwa Abakar, shashasha, har hula ya canja.

Wata rana iska ta juyo da hayaƙin gaba ɗaya kansu. Ridwan ya arce, ya shige ƙarƙashin wata motar auduga da aka ajiye a gefen hanya. Hadje ta lallaɓa ta zauna a jikin taya, gwiwoyinta na kuka.

"Me Kofur yake ce maka?"

"Ya ce ni matsoraci ne," in ji Ridwan daga ƙasan mota.

"Ka ce masa ya fito ya faɗa a gabana. Ɗan banza, yana zaune a gidan mutane ko shara ba ya yi!"

Ta ji wani sauti daga ƙasa, ta ɗauka kuka ne. Ashe dariya ce. Ya fito baƙin mai a goshi, suka koma tsallaken titi suka ƙarasa aikin ranar. A hankali aka tsallaka, aka kai ga bencin Abakar. Wani lokacin ya jure, wani lokacin ya kwana biyu bai fito ɗaki ba, Hadje ta yi ta tsine wa Madam da tabaraunta.

Ranar Sallah ta zo. Hadje ba ta gaya wa kowa ba, amma ta haɗa masa jaka ta tura ƙarƙashin gado, don ita ba ta yarda da boko ɗari bisa ɗari ba. Aka sauko daga idi, limamin unguwa ya yanka musu rago, na farko tun dawowar Ridwan. Kafin azahar hayaƙi ya tashi daga kowane gida, ba tsallaken titin da za a tsaya. Sadiƙa, ƙanwarsa, ta hura gawayi ta jera hanta a kan waya, tana waige-waige kamar mai aikata sata.

Ridwan na zaune a tabarma, ya jingina da bango. Gumi ya jiƙa sabuwar shaddarsa, yatsunsa sun kama bakin tabarmar. Hadje ta zo ta zauna kusa da shi.

"Jakarka na nan. In ka ce a tafi, yanzu a tafi, ba wanda zai ce komai."

Ya girgiza kai. Ya daɗe yana numfashi yadda aka koya masa, sannan ya yi magana, idonsa a kan wutar.

"Hadje, motarsu Babagana ce a gaba, ta taka nakiya. Wuta ta kama, yana ciki, ba mu iya matsawa ba saboda harbi. Ina kwance bayan dutse ina jin sa har ya yi shiru."

"Allah ya jiƙansa. Ba laifinka ba ne, ɗan nan."

"Ba shi ne ba. Mun kwana biyu ba abinci. Da iska ta kawo ƙaurin, Hadje, yawuna ya tsinke. Abokina ne, kwano ɗaya muke ci, yana ƙonewa ni kuma bakina na kawo ruwa. Madam ta sani. Ta ce in na faɗa miki ba zan mutu ba."

Tausayi ya kama Hadje, kunya kuma ta fi tausayin, don duk shekara ita take ɗora shi a mota da wannan kaya, ya je bakin ruwa ya ɗauka shi kaɗai, ita tana nan tana tauna kanumfari. Ya ƙi kallonta. Ta gane jira yake ta matsa daga kusa da shi.

Sai ta kama kunnensa, yadda ta saba tun yana yaro, ta juyo da fuskarsa.

"Kai, uban wa ya ce maka ciki yana da ido? Ni na shayar da kai, na san cikin nan, tun kana goye ba shi da kunya. Yunwa ka ji. Yunwa! Da ni ce a bayan dutsen nan, da nawa yawun ya riga naka. Shi ne ka ɗauki shekaru kana hukunta min ɗa?"

Ridwan ya kifa kai a cinyarta ya fashe da kuka, irin na ƙato, mai ban tsoro. Ita ma ta saki nata, ba ta ɓoye ba. Sadiƙa ta tsaya da wuƙa a hannu ta rasa abin yi, hantar ta fara ƙonewa, a gidan mahauta guda, maƙwabta na ji.

Da ya lafa, ya ɗago ya share fuska da hannun riga. Ya dubi wayar gashin, ya dubi uwarsa.

"Sadiƙa," ya ce, "ɗebo min wadda ba ta ƙone ba."